Wace kyamara za mu sa wa na'urar hangen nesa ta sashenmu, kuma me ɗalibai za su yi da ita?

Tambayar ta fito daga wani malamin fiziks a wata jami'a a arewacin Najeriya. Ya ce sashensu yana da na'urar hangen nesa mai faɗin inci 8, irin gajeriyar nan mai madubi a ciki, an daɗe da sayenta amma ba a fito da ita sai an yi baƙi. Yanzu an ba sashen ɗan kuɗi, suna so su sa mata kyamarar dijital don koyar da ilimin falaki. Yana so ya sani ko kyamarar Canon da ke ofishinsu za ta wadatar, ko sai an sayi ta musamman, kuma in an saya, wane aiki ɗalibai za su yi da ita.

Malam, Allah ya saka maka da alheri da wannan niyya. Canon ɗin da ke hannunku ta isa ku fara aiki tun wannan makon, kuma ina ba ku shawara ku fara da ita kafin ku kashe ko kwabo. In kun tashi saye, ku sayi kyamarar falaki mai sanyaya kanta, wadda ba ta ɗaukar launi. Amma kafin a kai ga maganar saye akwai abu biyu da suka fi kyamarar muhimmanci: mazaunin da na'urar take zaune a kai, da kuma abin da kuke nufi ɗalibanku su koya.

Bari in fara da na biyun, domin duk sauran maganar a kansa ta rataya. Yawancin mutane in sun ji an ce kyamara a kan na'urar hangen nesa, abin da ke zuwa musu a rai shi ne hoto mai ƙayatarwa irin wanda suke gani a intanet. Na'urar inci 8 a tsakiyar harabar jami'a, ga fitilu ga hazo, ba za ta ba ku irin wannan hoto ba, kuma ɗalibin da aka sa wa wannan buri zai koma ɗaki da sanyin gwiwa. Amfanin kyamara a wajen malamin kimiyya shi ne tana ƙirga haske. Fuskar sensar da ke cikinta an rarraba ta gida-gida, miliyoyin ƙananan gidaje da ake kira fiksel. Ƙwayar haske in ta faɗa cikin gida sai ta saki elektron, elektron ɗin su taru har a rufe ɗauka, sannan a ƙirga su a rubuta lamba. Hoton da kake gani a allon kwamfuta jerin lambobi ne, kuma in hasken tauraro ya ninka biyu lambar ma ninkawa take yi, muddin gidan bai cika ya tumbatsa ba. Wannan siffa ce ta sa masana falaki suka yi watsi da fim. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro sensar CCD a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a 1969, aikin da ya ba su kyautar Nobel ta fiziks a 2009, kuma tun a tsakiyar shekarun 1970 aka fara ɗora ta a kan na'urorin hangen nesa. Fim yana kama 'yan ƙwayoyi kaɗan ne cikin kowace ɗari da suka sauka a kansa, sensa mai kyau ta yau kuwa tana kama fiye da 80 cikin 100. Idon mutum kuma ba ya tara haske, abin da ya gani a ƙiftawa ɗaya shi ke nan, alhali kyamara za ta buɗe minti biyu tana tarawa.

To, ɗalibin aji uku ko huɗu a fiziks ya riga ya yi awon lilon fendulum, ya yi na wutar lantarki, ya san yadda ake rubuta sakamako tare da iyakar kuskurensa. Abin da nake so ka ɗauka shi ne na'urar nan da kyamararta ɗakin gwaji ne kamar sauran, sai dai abin da ake aunawa yana sama. Duk ɗalibin da ya fito daga wannan darasi ya kamata ya fito da lamba a hannunsa: nauyin wata duniya, tsawon zagayen wani tauraro, kaurin ƙurar da ke cikin iska, da bayanin yadda ya same ta da kuma iya inda za a yarda da ita. In kun tsaya a kan wannan, zaɓen kayan aiki zai zo da sauƙi.

Canon ɗinku tana da fa'ida: tana hannu, ba ta buƙatar kwamfuta a fili, sensarta tana da faɗi, kuma ɗan zoben ƙarfe da ake kira T-ring da mahaɗinsa kawai take buƙata ta zauna a bayan na'urar bayan an cire mata gilashinta. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: a ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen lambobin sensa da kyamara ba ta gyara ba, kada a kuskura a yi aikin awo da JPEG. JPEG hoto ne da kyamara ta riga ta gyara don ya yi wa ido daɗi, ta lanƙwasa lambobin, ta matse su, ta zubar da wasu, ba sauran abin aunawa a ciki. Raunin irin wannan kyamara uku ne. An shimfiɗa wa sensarta ƙananan matatan launi, cikin kowane gida huɗu ɗaya ja, biyu kore, ɗaya shuɗi, saboda haka kowane gida kaso ne kawai na hasken yake samu. Akwai kuma gilashi a gabanta da ke tare yawancin jan hasken haidurojin mai tsawon zango nanomita 656, wanda shi ne hasken gizagizan iskar gas da taurari ke haihuwa a cikinsu. Na uku shi ne zafi, kuma a ƙasarmu shi ya fi ciwo. Sensa tana sakin elektron na ƙarya saboda ɗumin jikinta ko da babu haske, kuma yawansu yana ninkawa kusan duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 6. A bazarar Kano ko Sakkwato, inda farkon dare yakan wuce digiri 30, doguwar ɗauka za ta cika da ɗige-ɗigen da ba taurari ba ne. Duk da haka ana aikin kimiyya da ita. Ƙungiyar AAVSO ta masu bibiyar taurari masu sauya haske, wadda aka kafa a Amurka tun 1911, tana karɓar awon da aka yi da koren gidajen irin waɗannan kyamarori, tana ma da littafin jagora a kansa kyauta.

In kun zo saye, kada wani ya ce muku lallai sai CCD. Zancen ya yi daidai shekaru goma sha biyar da suka wuce, amma manyan masu ƙera sensar CCD ta ƙananan kyamarori sun daina, kasuwa ta koma hannun wani nau'in sensa da ake kira CMOS, kuma CMOS ta yanzu ta kamo ta, ta wata fuskar ma ta wuce ta. Ga na'ura irin taku, ni zan nemi kyamara mai sensar Sony IMX533 marar launi, wadda kamfanonin ZWO da QHY duk suke sayarwa. Sensar murabba'i ce mai faɗin milimita 11.3, gidaje 3008 a tsaye 3008 a kwance, faɗin kowane gida maikuron 3.76 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Akwai manya irin IMX571, amma sun fi tsada, suna buƙatar manyan matatai, fayilolinsu suna cika kwamfutar ɗalibi, kuma na'urarku ba za ta haskaka kusurwoyinsu da kyau ba. Sanyayawar irin waɗannan kyamarori tana saukar da sensa kimanin digiri 30 zuwa 35 ƙasa da zafin wurin. Ku tsayar da ita a digiri 0 lokacin zafi, ƙasa da haka a hunturu. Abin da ake nema shi ne zafin ya tsaya wuri ɗaya duk dare, ya fi a matsa mata sai ta kai inda ba za ta iya riƙewa ba. Game da matatai, wato gilasan da ake sa wa a gaban sensa don launi ɗaya kawai ya wuce, ku sayi V, ta haske kore mai ratsin rawaya, tukuna, sannan B, ta shuɗin haske. Da waɗannan biyun, waɗanda Harold Johnson da William Morgan suka tsara a farkon shekarun 1950, za a yi kusan duk aikin da zan ambata.

Akwai lissafi ɗaya da nake so ɗalibai su yi da hannunsu kafin su taɓa na'ura, kuma kai ma ka yi shi kafin ka sa hannu a takardar saye. Faɗin samaniyar da gida ɗaya yake gani, a sakan na kusurwa (digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya kuma sakan 60), shi ne 206.265 a ninka da faɗin gidan a maikuron, a raba da tsawon fokas, wato nisan da na'ura take tattara haske ya zama hoto, a milimita. Na'urar inci 8 irin taku galibi tsawon fokas ɗinta milimita 2032 ne, saboda haka gida mai maikuron 3.76 yana ganin sakan 0.38. Amma rawar iska tana baza kowane tauraro ya zama ɗan ƙulli mai faɗin sakan 2 zuwa 3 a yawancin wurare, wani daren ma fiye. Ka ga ke nan ana yayyanka hasken tauraro ɗaya a gidaje masu yawa ba tare da an ƙaru da komai ba. Magani shi ne gilashin rage fokas na f/6.3, wanda zai mayar da tsawon milimita 1280, gida ya ga sakan 0.6, in kuma aka haɗe gidaje biyu-biyu a samu sakan 1.2, wanda ya yi daidai da samaniyarmu. Filin da kyamarar za ta gani a lokacin zai kai minti 30 na kusurwa, wato kusan faɗin wata in ya cika.

Yanzu mazauni. Juyawar duniya tana tafiyar da taurari sakan 15 na kusurwa a kowane sakan ɗaya na agogo. A na'urarku, ba tare da gilashin rage fokas ba, tauraro zai tsallake gidaje kusan 40 kafin ka ce kwabo. Saboda haka kyamara mai tsada a kan mazaunin da ba ya bin taurari da kyau asarar kuɗi ce. Je ka duba naku. In irin mai hannu ne da ke juyawa hagu da dama, sama da ƙasa, zai bi tauraro, amma filin hoton zai riƙa murɗawa a hankali, kuma wannan murɗawar ta fi tsanani a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin tamu, ta fi kuma tsanani in abin da ake kallo ya kusa tsakar ka. Da irin wannan mazauni sai gajerun ɗauka, sakan 10 zuwa 30, a fuskanci gabas ko yamma inda murɗawar ta yi sauƙi, ko a sayo masa karkataccen gindin da ke daidaita shi da sandar juyawar duniya. In kuwa sabon mazauni za ku saya irin mai ƙarfen nauyi, ku karanta iyakar latitud da yake karɓa. Kano tana kan digiri 12, Zariya 11, Sakkwato 13, kuma mazaunai da yawa an ƙera su ne da tunanin Turai da Amurka. In aka kwantar da su zuwa digiri 11 ko 12, ƙarfen nauyin yakan bugi ƙafar mazaunin, sai an ƙara masa tsawo ko an gina masa ginshiƙin siminti. Tauraron arewa ma da littattafai suke cewa a saita da shi, a wajenmu digiri 12 kawai yake sama da ƙasa, sau da yawa gini ko hazo ya rufe shi. Manhajar NINA, wadda kyauta ce, tana da hanyar saita mazauni ta hanyar ɗaukar hotuna uku a wani ɓangaren samaniya ba tare da an ga tauraron arewa ba. In kuɗin ba zai ishi kyamara da mazauni duka ba, ni dai mazauni zan saya in ci gaba da Canon.

Darasin da ya fi kowanne daraja, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne tsabtace lambobi. Mai sayen gyaɗa a kasuwa ba ya biyan kuɗin nauyin buhu, sai ya auna buhun wofi ya cire. Haka ake yi wa kowane hoton falaki. Ana ɗaukar hoto da murfi a rufe a mafi gajeren lokaci don a san lambar da kyamara take farawa da ita. Ana ɗaukar hoton duhu, murfi a rufe, tsawon lokaci ɗaya da zafi ɗaya da na hoton taurarin, don a cire elektron ɗin ɗumi. Sannan ana ɗaukar hoton haske bai ɗaya, a samaniyar bayan faɗuwar rana ko kafin fitowarta, ko a farin ƙyalle da aka shimfiɗa a bakin na'ura, don a gano inuwar ƙura da duhun kusurwoyi da bambancin gida da gida, a raba hoton da shi. Kowane iri a ɗauki guda 20 ko fiye a haɗa. Hoton haske bai ɗaya yana lalacewa da zarar an juya kyamara ko an cire ta, kuma a hunturu ƙura tana sauka kullum, saboda haka kowane dare da nasa. Kada ka bar manhaja ta yi wa ɗalibai wannan a ɓoye tun farko. Su buɗe fayil ɗin FITS, wato tsarin da ake adana hotunan falaki a cikinsa, su ɗora linzami a kan gida ɗaya su karanta lambarsa, su yi ragi da rabo da kansu ko sau ɗaya ne.

A nan ne kuma za su ga abin da suka karanta a darasin ƙididdiga yana aiki a gabansu. Ƙwayoyin haske ba sa zuwa a jere, saboda haka in ka ƙirga adadi, rashin tabbas ɗinsa shi ne tushen adadin, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka shi. Elektron 100 suna zuwa da rashin tabbas na 10, kashi 10 cikin 100. Elektron 10,000 suna zuwa da 100, kashi 1 cikin 100. Mai son ya rage kuskure da rabi sai ya tara haske ninki huɗu. Ɗalibin da ya gane wannan da hannunsa zai yi amfani da shi ko a asibiti ya ƙare yana aikin hoton ƙashi, ko a kamfanin sadarwa.

Aikin farko da nake so ku yi shi ne auna nauyin duniyar Mushtari, wadda ake kira Jufita. Watanninta huɗu da Galileo ya gani a Janairun 1610 suna fitowa sarai ko a tsakiyar gari, kuma ɗauka ta ƙasa da sakan ɗaya ta isa, saboda haka ko mazauninku mai rauni ne ba matsala. Io tana zagayawa a kwana 1.77, Yuropa 3.55, Ganimid 7.15, Kalisto 16.69, kuma dukansu suna shiga filin minti 30. Kowane rukuni ya ɗauki dare ɗaya ko biyu, a auna nisan kowane wata daga tsakiyar Mushtari a gidaje, a mayar da shi kusurwa, a mayar da kusurwar kilomita da nisan Mushtari na wannan ranar, wanda manhajar Stellarium za ta ba ku. Bayan mako biyu zuwa uku a haɗa awon ajin gaba ɗaya, a fitar da faɗin zagaye da tsawon lokacinsa, a sa a dokar Kepler ta uku kamar yadda Newton ya gyara ta. Amsar da ake nema ita ce ninki 318 na nauyin duniyarmu. Rukunin da ya sami 290 ko 350 kuma ya iya bayyana inda kuskurensa ya fito ya fi wanda ya kwafo 318 daga littafi cancantar maki.

Aiki na biyu shi ne tauraro mai sauya haske. Akwai wani mai suna CY Aquarii da yake kumbura yana motsewa, haskensa ya hau ya sauka cikin minti 88, bambancin kuma ya kusa ninki biyu. Yana kusa da layin da ya raba samaniyar arewa da ta kudu, yana hawa sama sosai a wajenmu, kuma lokacinsa na farkon dare ya faɗo a Satumba zuwa Nuwamba, daidai ɗaukewar damina. Cikin awa uku ɗalibai za su ga zagaye biyu cikakku. Ana ɗaukar hoto bayan hoto, a ba manhajar AstroImageJ, wadda ita ma kyauta ce, a nuna mata tauraron da ake bi da wasu taurari biyu ko uku a fili ɗaya waɗanda haskensu ba ya sauyawa, ta fitar da zanen hawa da sauka. Shafin AAVSO yana ba da taswirar taurarin kwatance, kuma in awonku ya tsabtata kuna iya yin rajista ku aika musu, ya shiga rumbun da masu bincike a ko'ina suke ɗiba. Ku tabbata agogon kwamfutar daidai yake, kuma a rubuta lokaci da agogon duniya na UTC, wanda Najeriya da Nijar suke gaba da shi da awa ɗaya. Wannan awa ɗayar ta ɓata awon mutane da yawa.

Da matatan B da V sai a koma kan tarin taurari na M67, wanda shekarunsa kusan biliyan 4 ne. A Kano yana bi ta tsakar ka a daren Fabrairu da Maris. Ana auna hasken kowane tauraro a matatan biyu, a zana haske a gefe ɗaya launi a ɗaya gefen, sai tsarin rayuwar taurari da aka koya a allo ya fito daga lambobin ɗalibai. Wannan aikin ya dace da kundin kammala digiri. Haka ma wucewar wata duniya a gaban tauraronta. Kada girman maganar ya tsorata ka: a 1999 David Charbonneau da Timothy Brown suka ga duniyar da ke zagaya tauraron HD 209458 tana rage masa haske da kimanin kashi 1.5 cikin 100, kuma gilashin na'urar da suka yi aikin da ita santimita 10 ne, rabin faɗin taku. HD 189733 ya fi sauƙi, ragin ya haura kashi 2 cikin 100, yana maimaituwa duk kwana 2.2. Sai dai wannan yana buƙatar mazauni mai bi da kyau na awa uku zuwa huɗu, da ɗan kauce wa fokas da gangan don kada hasken ya cika gidaje. Ku bar shi sai shekara ta biyu.

Za ka ce hazo fa? Gaskiya ne, damina gizagizai, hunturu ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke Chadi. Mafi kyawun samaniyarmu tana zuwa ne a ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, da kuma 'yan kwanakin da hazo ke lafawa, saboda haka a tsara darasin da wannan a rai. Awon da ake kwatanta tauraro da maƙwabtansa a fili ɗaya yana jure hazo matsakaici, tunda ƙurar duka take dushe su. Sannan ita kanta ƙurar abin aunawa ce, kuma a nan kuna da abin da jami'o'in Turai ba su da shi. A bi tauraro ɗaya marar sauyi daga sama har ya gangara yamma, a ga yadda haskensa ke raguwa yayin da kaurin iskar da yake ratsawa ke ƙaruwa, gangaren zanen shi ne ma'aunin ƙurar wannan daren. Tsarin AERONET na hukumar NASA yana da tashoshin auna ƙura da hasken rana a Ilorin da kuma Banizoumbou a Nijar, bayanansu a buɗe suke. Ɗalibin da ya tara awon dare na hunturu guda ya kwatanta da nasu ya yi bincike na gaske. Wani alherin wurinmu kuma, daga digiri 12 ana ganin samaniyar arewa duka da ta kudu har digiri 78, har da babban tarin taurari na Omega Centauri wanda mutumin Ingila ba ya ganinsa.

Game da rana, ina roƙonka ka tsananta. Ba a nuna na'ura ga rana sai da matatar rana ta gaske da ta rufe bakin na'urar gaba ɗaya, an ɗaure ta yadda iska ba za ta cire ta ba, an kuma rufe ƙaramar na'urar saiti da ke gefe. Kuskure ɗaya yana ƙona sensa, yana kuma makantar da ido nan take. In an kiyaye wannan, bin tabon rana kwana bayan kwana yana nuna juyawarta ta kimanin kwana 27, kuma aiki ne na rana tsaka da kowa zai iya halarta. Ka kuma sa rai mutanen gari za su tambaye ku game da jinjirin wata. Kyamara tana iya fitar da jinjirin da ido bai isa ya gani ba. Ku faɗi abin da kuka auna yadda yake, da ido ne ko da kyamara, hukuncin tsayuwar wata kuma ku bar wa malamai da kwamitin da aka ɗora wa alhakin.

Na'ura ɗaya ba ta ɗaukar aji mai mutum 80 a dare ɗaya. A raba su huɗu-huɗu ko biyar-biyar, ɗaya yana tuƙa na'ura, ɗaya yana kan kwamfuta, ɗaya yana rubuta komai a littafin aiki, su riƙa musanya. Ku yi tunanin ɗalibai mata tun wajen tsarawa: zaman farkon dare daga bayan magariba, wuri kusa da ɗakunan kwana, sanar da masu gadi, malama ko ma'aikaciya a wurin. In ba a yi haka ba darasin zai zama na maza kawai ba tare da kowa ya yi niyya ba. Duk hoton da aka ɗauka a adana shi a wuri biyu da kwanan wata da sunan abin da aka ɗauka, domin da shi za a koyar a makonnin da samaniya ta rufe. Don cike giɓi, MicroObservatory ta cibiyar falaki ta Harvard da Smithsonian tana ba kowa damar neman hoto ta intanet kyauta, Las Cumbres Observatory ma tana ba shirye-shiryen ilimi lokaci a na'urorinta. A gida kuma ku tuntuɓi cibiyar nazarin sararin samaniya da ke Nsukka, ta hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, da makarantar horar da matasan masana falaki ta PASEA, wadda ta fara a Abuja a 2013.

Kada kuma kyamara ta kore gilashin leƙawa. Daren farko na kowane rukuni a cire ta, kowa ya sa idonsa ya ga ramukan wata da zoben Zuhal. Wanda ya gani da idonsa shi yake da haƙurin zama awa uku yana ƙirga lambobi.

Wutar lantarki kada ta fito kai tsaye daga layin gari ko janareta. Mazauni da sanyayawar kyamara duk bolt 12 suke ci, batirin sola mai kyau zai riƙe su dare guda, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana share saitin da aka yi awa guda ana yi. Bayan aiki a rufe komai, a ajiye a akwati mai 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi, domin laimar damina tana sa fumfuna a gilashi. Kada a goge gilashin gaba da hannun riga ko hankici, ƙurar hunturu tana karce shi, a fara busa ta da ɗan famfon roba. A kuma naɗa ma'aikacin ɗakin gwaji guda da za a horar, mabuɗi ya zauna a hannunsa, da ɗalibai biyu daga kowane aji da za su koya wa na bayansu. Na ga kayan aiki masu kyau sun tsufa a cikin kwali saboda tsoron kada su lalace a tuhumi wani.

Wajen rubuta takardar saye, ƙananan kaya ne suke tsayar da aiki wata shida, domin ba a samunsu a kasuwar gida. Gilashin rage fokas na f/6.3 yana so sensa ta zauna kimanin milimita 105 a bayansa, saboda haka a lissafa kaurin mariƙin matatai da zurfin sensar a cikin kyamara, a sayo zobban ƙarin tsawo da za su cike ragowar. A sa T-ring na Canon ɗin, da murfin saita fokas na Bahtinov mai girman inci 8, da rigar hana raɓa ta bakin na'ura, da wayoyin USB da na wuta guda biyu-biyu, da matatar rana. A tabbatar girman matatan B da V ya yi daidai da mariƙinsu, inci 1.25 ya ishi sensar IMX533.